Kunnuwan Mai Aski

Duk layin babu wanda ya taɓa ganin takardar shaidar da aka ba Sha-Yanzu ta gyaran kwamfuta, amma babu wanda bai ji labarinta ba. Dogon mutum ne mai tabarau marar magani, wanda bai taɓa barin mai matsala ya kai ƙarshen maganarsa ba. Kana cewa, "Wayata ce take ɗan..." zai ɗaga hannu ya ce, "Sha yanzu, magani yanzu." Daga nan sunan ya manne masa. Mai Kemis ta taɓa ba shi rediyonta saboda muryarsa ta yi ƙasa. Ya dawo mata da shi yana ƙara har ƙarshen layi, sai dai ba ya kashuwa. Da ta yi magana, ya ce ai ƙara ta ce a gyara, ba ta ce komai game da kashewa ba.

Matarsa Auta 'yar Baba Mai Hoto ce, mai shagon ɗaukar hoto a bakin layi. Shagon bai canza ba tun Auta na yarinya: labule mai zanen teku, kujera mai hannu, tukunyar furen roba, da dogon madubi a bango don masu gyara wuyan riga. A ƙurya kuma akwai tsohuwar kwamfuta, ƙatuwa, mai launin toka, irin wadda masu ƙera ta ma sun manta da ita. In an kunna ta sai ta yi ta nishi kamar mai hawan bene da kaya. Hoton duk wanda ya taɓa zama a kujerar nan yana cikinta, tun ranar da Baba ya daina aiki da fim.

Amma a cikinsu duka hoto ɗaya ne ya dami Baba. Marigayiya matarsa, mahaifiyar Auta, ta ƙare rayuwarta a gidan mai hoto ba ta taɓa yarda an ɗauke ta ba. Takan ce wanda yake ganinta kullum me zai yi da takarda, har ta sa shi ya yi alkawarin ba zai taɓa wanke hotonta ba. Bayan rasuwarta, wata rana yana duba tsofaffin hotuna, sai ya buɗe na Mai Aski. A cikin madubin da ke bayan Mai Aski, can saman kunnensa na hagu, ga ta nan a bakin ƙofa da kofi a hannu, tana dariya. Girmanta bai wuce farcen babban yatsa ba. Tun daga ranar, kowace safiya Baba zai buɗe shago, ya kunna tsohuwar, ya jira ta gama nishi, ya ja wannan kusurwar ta cika allo, ya zauna. Bai wanke ba, don alkawari alkawari ne. Auta kaɗai ta san da zancen, sai kuma Sha-Yanzu, domin Auta ta yi kuskuren gaya masa.

Shi kuwa Mai Aski, a kan wannan hoton ne suka daina magana da Baba. Ranar da ya karɓa ya ce an ƙara masa kunne. Baba ya ce kyamara ba ta da kunnen da za ta ba wani, abin da ta tarar shi ta ɗauka. Shagunansu na kallon juna, amma ko gaisuwa babu. Baba bai yi asarar komai ba, don kansa ya daɗe da zama tas, babu gashi ko ɗaya.

Wata safiya tsohuwar ta ƙi tashi sai da Baba ya mare ta a gefe. Auta ta faɗi haka a gida suna cin abincin rana, ranta a jagule. Sha-Yanzu ya ajiye cokali.

"Sha yanzu," ya ce.

"Maigida, don Allah. Ba cewa na yi ka yi wani abu ba. Labari kawai nake ba ka."

"Rigakafi ya fi magani."

"Ni maganin naka nake tsoro."

Kafin ta wanke hannu ya isa shagon surukinsa, da sabuwar kwamfutarsa a hammata da ƙananan faifan ajiya uku a aljihu.

"Baba, barka da rana. Na ji tsohuwa ta fara ciwon ajali."

"Tari ta yi," in ji Baba.

"Ai daga tari ake farawa. Ga abin da za a yi. Zan kwashe duk abin da ke cikinta in zuba a faifan nan uku. Ɗaya a ajiye a kemis, ɗaya wurin Mai Walda, ɗaya wurin Mai Aski. Ko gobara ce ba za ta ci shago uku rana ɗaya ba, sai in da gayya. Sannan in zuba a sabuwar kwamfuta, ku huta da mari."

Baba ya daɗe yana kallon tsohuwar. Ba ya son surukin nasa ya matso kusa da ita, amma marin da ya yi mata da safe har yanzu yana ji a tafin hannunsa, kuma ya tsorata.

"Ka kwafa," ya ce. "Amma kada ka buɗe cikinta. Ka ji ni?"

"Baba, ko ƙurarta ba zan hure ba."

Kwafar ta cinye sauran yinin da washegari. Da aka gama, Sha-Yanzu ya fita rabo. Mai Kemis ta karɓi nata ta sa a bayan kwalaben maganin tari. Mai Walda, ƙaton mutum mai ƙarancin magana, ya tambaya ko a ƙera masa akwatin ƙarfe a liƙe bakin. Aka ce a'a, ya ji haushi kaɗan. Mai Aski kuwa ko almakashinsa bai ajiye ba.

"Na wa ne?"

"Na Baba."

"Wane Baba?"

"Surukina."

"Kayan mutumin nan ba sa kwana a shagona."

"Faifai ne fa, ba ya gaba."

"Ni ina yi. Kunnuwana na ciki?"

"Hoton kowa na ciki."

"To kai wa Mai Walda ya narka."

Dole faifai na uku ya koma gida, aka ɗora shi a saman durowar kaya. Gaskiya a faɗe ta, a wannan ranar hotunan Baba suna da gida huɗu lafiyayyu. Da zazzaɓi ya kwantar da Sha-Yanzu a lokacin, da labarin ya ƙare da kyau. Amma lafiyarsa ƙalau.

Kashegari ya zuba kwafi a sabuwar kwamfuta a kan teburin shagon, ya kira Mai Kemis da Mai Walda su zo su ga zamani. Ya danna. Sabuwar ta ce ba ta gane komai a ciki ba. Ya sake dannawa da ƙarfi, ta maimaita masa. Ya ce zai shiga banɗaki, ya shiga da wayarsa, ya daɗe, ya fito da ilimi.

"Abu ne mai sauƙi," ya ce, yana gyara tabarau. "Kwamfuta ba ta ajiye lamba a dunƙule, gunduwa-gunduwa take yanka ta. Tsohuwar Baba tana jera gunduwoyin daga babba zuwa ƙarami. Ta zamani daga ƙarami take farawa. To in waccan ta rubuta inda hoto yake, sai wannan ta karanta daga wutsiya, ta tafi nemansa inda babu shi."

Abin mamaki, wannan bayanin gaskiya ne, kuma shi ya sa ya fi haɗari.

"To a kifa faifan mana," in ji Mai Walda.

"Ba faifan ake juyawa ba, Malam, cikinsa ake juyawa."

Ya zauna ya haɗa wata 'yar manhaja, ya sa mata suna Juyi. Abin da ke bukatar juyawa kawai lambobin da ke nuna wurin kowane hoto ne. Sha-Yanzu bai ga dalilin rowa ba. Ya juya komai, har hotunan kansu.

Wannan karon sabuwar ta buɗe. Hoton farko na Mai Kemis ne, na ranar da ta buɗe shagonta. Ga ta nan da farar rigarta da murmushinta, fuskarta shuɗiya shar. Tekun da ke labulen bayanta ya zama ruwan lemo.

Mai Kemis ta matso ta leƙa. "Wannan in ta shigo kemis ɗina ba zan ba ta magani ba, asibiti zan tura ta."

"Ke ce fa," in ji Sha-Yanzu.

"Na gani. Shi ya sa na san ba ta da lafiya."

Na Mai Walda ya fito kore shar. Ya duba ta dama, ya duba ta hagu, ya ce shi dai nasa ya yi masa, a wanke masa guda biyu. Baba kuwa ya koma ƙurya ya ɗora hannu a kan tsohuwarsa.

"Juyin ne bai isa ba," in ji Sha-Yanzu.

Da farko huɗu-huɗu ya juya gunduwoyin. Yanzu ya juya su biyu-biyu, Mai Kemis ta koma ruwan hoda, idanunta suka sauko gefen haɓa. Ya juya takwas-takwas, kan Mai Walda ya yayyanke kamar an sa shi a injin yanka burodi. Ya juya wasu ya bar wasu, don a ga bambanci. Aka ga bambanci.

Auta, wadda ta kawo wa mahaifinta abinci, ta tsaya a bayansa. "Maigida, kana tuna yadda kake juyawa kuwa, ko da za a koma?"

Ya ƙwanƙwasa goshinsa da yatsa. "Komai na nan."

"To me zai hana ka share wannan, ka sake kwafowa daga faifan da ke gida?"

"Injiniya ba ya komawa baya."

"Ko ya ɓata hanya?"

"Musamman ma."

Da ya ga juyi ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai ya tuna kowace kwamfuta tana da manhajar da ke duba lafiyar faifai ta gyara. Ya sakar mata aikin. Ita kuwa manhajar mai ladabi ce, ba ta yin komai sai ta tambaya. Ta ce ta ga wani abu da ba ta gane ba, ta share? E ko a'a. Sha-Yanzu ya ce ba a yi wa likita gardama, ya danna e. Ta sake tambaya, ya danna e. Ta sake. Yatsansa ya gaji, ya canza hannu. Da wannan ma ya gaji, ya ciro kwaɗon ƙofar shagon ya ɗora a kan madannin, ya tafi cin abinci. Kwaɗon ya yi aikinsa da gaskiya, bai ce a'a ko sau ɗaya ba.

Da ya dawo, ya tarar da saƙo a allo: faifai lafiya lau, babu kuskure. Ya kuma ga wuri ya ƙaru a ciki sosai, abin da ya fassara da cewa datti ne ya fita. Don ya tabbata aiki ya yi, ya ɗauki kansa hoto da kwat, hannu a haɓa, ya zuba a ciki, ya buɗe. Hoton ya fito tsaf, da launin mutane.

"Kin gani?" ya ce wa Auta.

"Ka buɗe na mutane mana."

"Mai girki ba ya shanye tukunya don ya ji gishiri. Cokali ɗaya ya isa."

Saura abu ɗaya. Faifan ajiya uku da ya raba har yanzu tsohon jeri ne a cikinsu, wanda a ganin Sha-Yanzu abin kunya ne. Ya ɗauki sabuwar kwamfutarsa ya bi su gida-gida da wata manhaja mai daidaitawa. Dokarta ɗaya ce: abin da ke nan ya koma can, abin da babu a nan a share shi can.

A kemis, yana soka faifan aikin ya ƙare.

"Har ka gama?" in ji Mai Kemis. "Rannan fa kwana ka yi kana kwafa."

"Ci gaba ke nan, Anti. Da jaki ake tafiya, yanzu jirgi."

"Jirgin nan naka akwai fasinja a ciki kuwa?"

Ya yi mata dariyar da masana ke yi wa jahilai, ya wuce wurin Mai Walda, daga nan ya hau kujera a gida ya sauko da na saman durowa. Da ya gama, ya haɗa faifan uku ya sa kwamfuta ta gwada su da juna. Ta ce babu bambanci ko na ƙwayar zarra. Ya koma kemis musamman don ya faɗa.

"Shaidu uku, bakinsu ɗaya."

"Mutum uku da ba su ga komai ba ai dole bakinsu ya zo ɗaya," in ji Mai Kemis.

Wannan maganar ce ta ɓata masa rai, kuma ita ce ta jawo taron. Ya ce tunda layin nan ba a yarda da ilimi sai an gani, to gani ya kori ji. Ya sa rana. Ya ari babban talabijin na kemis, ya jera benci a gaban shagon Baba, ya bi shago-shago yana gayyata. Da la'asar layi ya cika. Baba ya zauna a kujerarsa mai hannu, Auta a gefensa. Mai Aski bai zo ba, amma ya fito ƙofar shagonsa yana kakkaɓe tawul ɗaya, ya kakkaɓe shi ya sake kakkaɓewa.

Abin da Baba bai sani ba shi ne, da rana, lokacin da ya shiga gida ya watsa ruwa, Sha-Yanzu ya kwance cikin tsohuwar ya ciro faifanta. Ƙurar dai bai hure ba. Ya naɗe faifan a tsumma ya ba Mai Walda, ya ce in ya ji ya ce "yanzu", ya yi abin da ya iya.

Sha-Yanzu ya tsaya gaban jama'a da kwat ɗinsa. "Jama'a, ajiyar da ba a gwada ba, ba ajiya ba ce, fata ne kawai."

Wannan ma gaskiya ce. Mutane suka gyaɗa kai.

"Kuma gwaji iri biyu ne. Akwai na matsorata, waɗanda ke gwadawa alhali asalin yana nan. Akwai na maza."

Mai Walda ya fito tsakiya ya ajiye guntun ƙarfen layin dogo a ƙasa, ya warware tsumman, ya ɗora abin a kai.

Baba ya miƙa wuya. "Mene ne wancan?"

"Cikin tsohuwa ne, Baba. Kada ku damu."

"Cikin wa?"

"Yanzu!" in ji Sha-Yanzu.

Mai Walda ba ya rabin aiki. Kafin Baba ya gama tashi daga kujera guduma ta sauka, kafin Auta ta gama ihu ta sake sauka. Ya juya abin ya ba shi ta ɗaya gefen, don kada a ce ya yi son kai. Wani guntu ya yi tsalle ya faɗa tukunyar furen roba. Baba ya koma ya zauna a hankali, ya riƙe hannun kujerar.

"To," in ji Sha-Yanzu, yana murza hannu. "Tsohuwa ta riga mu gidan gaskiya. Anti, kawo ajiya ta ɗaya."

Aka soka faifan kemis. Aikin dawowa ya ƙare kafin ya janye hannu. Ya danna, babban talabijin ya haska. Sha-Yanzu ne a ciki, da kwat, hannu a haɓa.

"Wannan mun san shi," in ji wani daga benci. "Wuce gaba."

Ya danna gaba. Sha-Yanzu ne. Ya danna baya. Shi ne dai.

"Hotuna nawa ne a ciki?" in ji Mai Kemis.

"Tana... tana tattaro su ne. Malam, kawo ajiya ta biyu."

Mai Walda ya jingine gudumar ya kawo nasa. Sha-Yanzu ya sake bayyana, hannu a haɓa, yana kallon jama'a kamar shi ma jiran bayani yake.

"Kwat ɗin dai ya yi kyau," in ji wata mata.

"Ina hoton 'yata da kayan makaranta?" in ji wani.

"Nawa kore nake so, na riga na faɗa," in ji Mai Walda.

Auta ba ta jira an aike ta ba. Ta ruga gida, ta dawo tana haki da faifan saman durowa, ta danƙa wa Sha-Yanzu ba ta kalle shi ba. A lokacin zufa ta jiƙa masa wuyan riga. Karo na farko a rayuwarsa ya ji yana so wani ya katse shi, ya karɓi aikin daga hannunsa. Babu wanda ya katse shi. Ya soka, ya danna, ya rufe ido. Dariyar da ta tashi daga benci ta gaya masa wanda ya fito.

"Shaidu uku," in ji Mai Kemis. "Bakinsu ɗaya."

"Garin gyaran gira," in ji wani tsoho, bai ma ga amfanin ƙarasawa ba.

Aka yi ta hayaniya, amma hayaniyar wasa ce, don yawancinsu hotunansu na rataye a bangon ɗakunansu. Sai Baba ya ɗaga hannu, aka yi shiru.

"Ɗana," ya ce, kuma bai taɓa kiran Sha-Yanzu haka ba. "Bar sauran. Na yafe. Hoto ɗaya nake so ka dawo mini da shi. Na Mai Aski."

Sha-Yanzu ya buɗe baki. Kalmomin nan biyu da ya saba faɗa suka zo har maƙogwaro suka koma. Ya dubi talabijin, ya dubi guntayen ƙarfen da ke ƙasa, ya sunkuyar da kai.

A ɗaya gefen titi tawul ya daina motsi.

"Nawa?" in ji Mai Aski. Ita ce kalmar farko da ya jefa wa Baba tun ranar rigimar.

"Naka," in ji Baba.

"Mai kunnuwan?"

"Shi."

"Me za ka yi da kunnuwana?"

Auta ce ta amsa, ta ce, "Kawu, Mama tana ciki. A madubin bayanka. Shi kaɗai ne hotonta a duniya."

Mai Aski ya rataya tawul a kafaɗa ya shige shagonsa. Aka ji ana jan wani abu mai nauyi daga bango. Can ya fito da takarda a hannu, yana goge ta da gefen riga. Ashe tun ranar da ya karɓi hoton ya cusa shi a bayan madubin shagonsa, fuska ga bango, don madubin ya daina rawa. Ya tsallako titi, jama'a suka dare masa. Ya miƙa wa Baba.

Hoton ya ɗan yi ja, gefe ɗaya ya lanƙwashe. Kunnuwan suna nan yadda aka san su. Auta ta ɗauko gilashin ƙara girma daga durowar teburin, Baba ya ɗora shi saman kunnen hagu. Ga ta nan, da kofinta. Baba ya daɗe bai ɗago ba, Auta na share hawaye da bayan hannu.

Mai Aski ya sunkuyo ya leƙa ta kafaɗarsa. Ya duba sosai.

"Me take yi wa dariya?"

"Ka sani," in ji Baba.

Mai Aski ya miƙe, ya shafa kunnensa. Sannan ya zare hoton daga hannun Baba a hankali.

"Hotona ne. Kunnuwana ba za su kwana a gidan wani ba. A bangon shagona zan rataye shi. Mai son gani ya zo."

Sha-Yanzu, wanda numfashinsa ya fara dawowa, ya ga wata 'yar ƙofa ta buɗe, ya cusa kai. "To jama'a, kun gani. Wannan shi masana ke kira ajiyar waje. Da ma tun farko na ce a ajiye ɗaya wurin Mai Aski. Akwai shaidu."

Mai Walda ya ɗauki gudumarsa, ya dubi sabuwar kwamfutar da ke kan tebur.

"Akwai sauran abin da za a gwada?" ya tambaya.

Sha-Yanzu ya rungume kwamfutarsa ya bi ta bayan benci.

Auta ta yi kwanaki ba ta ce masa komai ba sai "ga abinci". Shi ma bai fita layi ba sai da dariyar ta lafa. Ranar da ya fito, da safe ne, ya tarar shagon hoto a rufe. Ya leƙa na Mai Aski. Baba ne zaune a kujerar aski, an yafa masa farin ƙyalle har wuya. Mai Aski na tsaye a bayansa yana kaɗa almakashi a iska, saman kan da babu gashi ko ɗaya, da fuskar mai aikin gaske. A bangon gabansu, daidai idon wanda ke zaune, hoton na rataye a sabon firam, gilashin ƙara girma na lilo a gefensa da zare. Mai Kemis ta gaya masa daga baya cewa haka ake yi kowace safiya, kuma har yanzu ba su cika magana ba.

Sha-Yanzu ya yi gyaran murya daga bakin ƙofa.

"Baba, ina kwana. Kawu, ina kwana. Na ce... takarda ce fa. Akwai gobara, akwai ruwa, akwai gara. Ku ba ni shi na yini ɗaya kawai in yi muku kwafi. Sha yan..."

Mai Aski ya ajiye almakashi, ya ɗauki aska, ya shiga wasa ta a hankali a jikin fata.

"Shigo, ɗana," ya ce. "Kunne biyu gare ka, ɗaya asali, ɗaya ajiya. Zauna mu yi gwajin maza."

Sha-Yanzu ya tuna yana da wani aiki na gaggawa a ƙarshen layi. Yana tafiya ya jiyo Baba ya fashe da dariya, irin wadda ba a ji daga bakinsa ba tun rasuwar. Ya waiwaya. Tsohon ya ɗaga gilashin saman kunnen hagu, kafaɗunsa na girgiza a ƙarƙashin farin ƙyalle, su biyu suna dariya, shi da ita.